Barin karatun digiri na biyu bayan samun gurbi a makarantar likitan haƙora: yadda abin yake a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata tambaya da take tasowa kowace shekara daga tsakiyar watan Disamba. Ɗalibi yana tsakiyar karatun digiri na biyu, wanda muka fi sani da masta, sai takarda ta iso masa cewa an ba shi gurbi a makarantar koyon aikin likitan haƙora. Abin da ya daɗe yana nema ke nan. To, karatun da ke hannunsa fa? Ya ƙarasa shi, ko ya ajiye, ya daina biyan kuɗi, ya zauna jiran ranar shiga sabuwar makaranta? Wannan bayani ya tattara abin da ya kamata a sani kafin a yanke shawara. An yi shi domin ɗalibi, da kuma uwayen da ke gida waɗanda ake kira ta waya ana neman ra'ayinsu a kan tsarin da ba su taɓa gani ba.

Amsar a taƙaice ita ce: takardar gurbi alkawari ne mai sharaɗi. Makarantar haƙora ce ke da ikon cewa a bar wancan karatu ko kada a bari. Wanda ya janye bai tambaye ta ba yana iya yin biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Yadda ake zama likitan haƙora a Amurka

A tsarin da muka gada daga Faransa, ɗalibi yana cin jarrabawar bak, sai ya nufi sashen kiwon lafiya na jami'a kai tsaye. A Amurka ba haka ba ne. Sai ɗalibi ya fara yin digiri na farko, wanda kan ɗauki shekara 4, ya karanta ilimin halittu, da ilimin haɗa sinadarai, da fiziks. Bayan nan ne zai nemi shiga makarantar haƙora, inda zai ƙara shekara 4. Ƙalilan ne suke gajarta wannan wa'adi. Makarantar haƙora ta Jami'ar Pacific da ke San Faransisko, alal misali, shekara 3 take yi. Wanda ya gama ana ba shi shaidar DDS ko DMD. Sunaye biyu ne, amma daraja ɗaya. Na farkon ya samo asali daga makarantar birnin Baltimo da aka kafa a 1840, wadda ita ce makarantar haƙora ta farko a duniya. Na biyun ya fito daga Jami'ar Harvard, wadda ta buɗe tata makarantar a 1867.

Makarantun haƙora da hukuma ta amince da su a ƙasar sun haura 70, amma masu nema sun fi guraben yawa nesa. Abu biyu ake fara dubawa. Na farko matsakaicin makin da ɗalibi ya samu a jami'a, wanda ake aunawa bisa 4. Na biyu jarrabawar shiga mai suna DAT, wadda ƙungiyar likitocin haƙora ta Amurka take shiryawa. Da can makinta daga 1 zuwa 30 ne; tun 2025 aka koma ba da shi daga 200 zuwa 600.

Yawancin makarantun suna karɓar takardun nema ta hanya guda, wata cibiya ta intanet da ake kira AADSAS. Makarantun gwamnatin jihar Texas suna da tasu daban. Ana fara tura takardu a farkon watan Yuni, a kira waɗanda aka zaɓa ganawa ido da ido, a fara ba da amsa a tsakiyar Disamba, sa'an nan a shiga aji wajen watan Yuli ko Agusta na shekarar da ke biye. A lura da wannan tazara: tsakanin ranar albishir da ranar shiga aji akwai kusan wata takwas. Cikin waɗannan watanni ne duk maganar da muke yi take faruwa.

Mi ke kai mai neman haƙora ga digiri na biyu?

Galibi maki ne. Ɗalibin da ya gama digiri na farko da maki mai rauni, ko wanda ya nema sau ɗaya aka ƙi shi, yakan shiga wani karatu na shekara ɗaya ko biyu domin ya nuna cewa ya iya ɗaukar nauyin darussa masu wuya. Jami'o'i da dama sun buɗe irin wannan masta musamman domin masu neman likitanci da haƙora. Jami'ar Boston tana da nata a kan ilimin lafiyar baki, Jami'ar Rutgers kuma tana da nata a kan kimiyyar lafiya. A wasu wuraren ɗalibin masta yana zama aji ɗaya da ƴan shekarar farko na makarantar haƙora, ya yi jarrabawa ɗaya da su.

Ke nan, ga mafi yawan waɗannan ɗalibai, masta tsani ne. Ba don ita kanta suka shiga ba. Shi ya sa ranar da takardar gurbi ta iso, zuciya takan ce: an hau soro, mi za a yi da tsani? Amma akwai wasu kuma da suka shiga karatun bincike na gaske, har da masu neman digirin dakta, daga baya ra'ayinsu ya koma kan haƙora. Matsalar waɗannan ta fi nauyi, za mu dawo kanta a gaba.

Takardar gurbi da sharuɗɗanta

Lokacin da ɗalibi yake cika takardun nema, ba abin da ya riga ya karanta kaɗai yake rubutawa ba. Yana rubuta darussan da yake cikinsu yanzu, da waɗanda ya yi niyyar ɗauka, da ranar da yake sa ran gama digirin da ke hannunsa. Kwamitin zaɓe yana duba duk wannan kafin ya ce e. Idan ɗalibi ya rubuta cewa zai gama masta a watan Mayu, to mutumin da kwamiti ya zaɓa shi ne mai masta a watan Mayu. Idan ya zo a watan Agusta babu ita, kwamiti yana da hujjar cewa ba wannan aka nuna masa ba. Daidai yake da wanda aka yi cinikin buhun gero da shi a kan awo, ranar ɗauka sai aka tarar tiya biyar ta ragu.

Don haka takardun gurbi sukan zo da jerin sharuɗɗa. Daga cikin waɗanda aka fi gani akwai cewa ɗalibi ya ƙarasa dukan darussan share fage da maki mai kyau, ya biya kafin alƙalami cikin wa'adi, a binciki tarihinsa a ga ba shi da laifi a gaban shari'a, ya kawo shaidar rigakafi, sa'an nan ya aiko da takardar sakamako ta ƙarshe daga kowace jami'a da ya taɓa zama. Makarantu da yawa suna ƙara wani sharaɗi a fili: duk digirin da mai nema yake cikinsa lokacin da ya nema, dole ya gama shi kafin ranar shiga aji. Wasu ba su faɗi haka a takardar ba, amma yana nan cikin ƙa'idojinsu na ɗaukar ɗalibai. Wasu kuma ba ruwansu da masta ɗin, digiri na farko da darussan share fage kaɗai suke buƙata. Makarantu uku, hukunci uku. Abin da aka yi wa abokinka a wata jiha ba shi ne za a yi maka ba.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ɗalibi yakan karanta layin farko, inda aka ce ana taya shi murna, ya buga wa gida waya, ya ajiye takardar. Sharuɗɗan kuwa suna shafi na biyu, ko cikin wata takarda da aka maƙala. Ya kamata a karanta ta tun daga gaisuwa har sa hannu, a ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce "bisa sharaɗin" ko "kafin shiga aji". Wanda Ingilishinsa bai kai ga harshen ofis ba, babu kunya ya nemi wani ya karanta tare da shi.

Ko makarantar ba ta sa sharaɗin gama masta ba, akwai wani nauyi da ya rage. Mai nema ya sa hannu cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma makarantu suna sa ran ya sanar da su idan wani abu ya sauya. Janyewa daga karatu babban sauyi ne. Ɓoye shi ba ya yiwuwa, tun da takardar sakamako ta ƙarshe za ta nuna shi. Bambancin kawai shi ne ko makarantar ta ji daga bakin ɗalibi a watan Disamba, ko ta gani da kanta a watan Yuni. Idan ta gani da kanta, maganar ta tashi daga ta karatu ta koma ta amana, kuma makaranta tana da ikon janye gurbin da ta bayar. Ba ta rasa wanda za ta ba, domin kowace makaranta tana da jerin masu jira, wasunsu har ana gobe a shiga aji ake kiransu.

A tambaya tukuna, kuma a rubuce

Mataki na farko shi ne rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar haƙora. Ba a fara da ofishin masta, ba a kuma fara da daina zuwa aji. Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo. Ɗalibi ya faɗi sunansa da lambar takardarsa, ya yi godiya, ya ce yana cikin karatu kaza a jami'a kaza wanda ya rubuta cewa zai gama a wata kaza, sa'an nan ya tambaya: shin gama wannan karatu sharaɗi ne na shigarsa? Idan ya tsaya a ƙarshen wannan zango, gurbinsa yana nan? Idan yana da dalili, kamar tsadar karatu, ko rashin lafiya a gida, ko buƙatar yin aiki don tara guzuri, ya faɗe shi ba tare da ado ba.

Ɗalibai da yawa suna jin tsoron wannan wasiƙa, suna ganin kamar tambayar za ta jawo musu ido. A ganina tsoron ya fi abin da ake tsoro girma. Tambaya ce da ofisoshin nan suka saba ji, kuma wanda ya tambaya bai riga ya karya wani sharaɗi ba. Idan aka ce masa dole ya gama, sai ya gama, bai yi asarar komi ba.

Abin da ake so shi ne amsa a rubuce, daga shugaban ofishin ko wanda ke da ikon magana da sunansa. Maganar waya ba ta isa ba. Wanda ya ɗauki waya a watan Janairu yana iya barin aiki kafin Yuli, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema. Idan an yi maganar ta waya ne, ɗalibi ya bi ta da imel a ranar, ya maimaita abin da aka gaya masa, ya roƙi a tabbatar. Ya adana amsar a wuri biyu.

Ga wanda ya samu gurbi a makaranta fiye da ɗaya, kowacce sai ya tambaye ta daban. Ya kuma kula da wa'adin amsa. Waɗanda aka ba gurbi a zagayen farko galibi kwana 30 ake ba su su ce sun karɓa su biya kafin alƙalami. Waɗanda aka kira daga watan Fabrairu kwanakinsu sukan ragu zuwa 15. Kafin alƙalamin nan yakan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, kuma yawanci ba a mayar da shi.

Amsar takan zo ɗaya daga cikin uku. Ko a ce dole a gama, ko a ce ba komi, ko a ce a ƙarasa zangon da ake ciki da maki mai kyau sa'an nan a tsaya. Wanda masta ɗinsa ta shekara biyu ce kuma yana shekarar farko, aka ce masa dole ya gama, yana iya roƙon a ɗage masa shiga zuwa baɗi. Wasu makarantu suna yarda da ɗage shekara ɗaya, wasu ba sa yi.

Lissafin kuɗi

Kuɗi ne babban dalilin da ke sa ɗalibi son janyewa, kuma dalili ne mai ƙarfi. A nan sai mai karatu ya kiyaye: dalar da ake magana a kai dalar Amurka ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ɗalibin da ya ci bashi don karatun haƙora a Amurka yakan fito da bashin da ya kai kusan dala 300,000, abin da ya haura miliyan 150 na kuɗin sefa. Wanda ke hangen irin wannan kaya a gabansa, ba abin mamaki ba ne ya yi ƙyashin biyan wani zango na masta da ba ya buƙata.

Amma janyewa tana da lokacinta. Shekarar karatu a yawancin jami'o'in Amurka zango biyu ce: daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, da kuma daga Janairu zuwa Mayu. Mafi sauƙin fita ita ce tsakanin zango biyu. Ɗalibi ya gama jarrabawar Disamba, makinsa ya shiga takarda, ya sanar da ofis cewa ba zai dawo a Janairu ba. Babu kuɗin da ya biya a banza, babu tabo a takardarsa. Matsalar ita ce lokacin ƙanƙane ne: albishir ya zo tsakiyar Disamba, ofisoshi sun rufe don hutun ƙarshen shekara, sabon zango kuma yana buɗewa a Janairu. Wanda ke da wannan niyya, ranar da takarda ta zo ya kamata ya rubuta wasiƙarsa.

Idan zango ya riga ya fara, kowace jami'a tana da jadawalin mayar da kuɗi. A mako na farko ko na biyu ana iya mayar da duka. Daga nan abin da ake mayarwa yana raguwa mako bayan mako, har a kai ranar da ba a mayar da ko tamma. Jadawalin yana ofishin kuɗi na jami'a, kuma ranar da ake lissafi da ita ita ce ranar da aka karɓi takardar janyewa.

Ga wanda yake karatu da rancen gwamnatin tarayya akwai wata doka ta daban. Gwamnati tana ɗaukar cewa ɗalibi yana cin kuɗin zango ne kwana bayan kwana. Idan ya janye kafin kashi 60 cikin 100 na zango ya wuce, rabon kwanakin da bai zauna ba sai a mayar wa gwamnati. A zango mai mako 15, wannan iyaka tana faɗowa wajen mako na tara. A ɗauka ɗalibi ya janye a mako na shida. Jami'a ta ce lokacin mayar da kuɗi ya wuce, kuɗin zango duka nata ne. Gwamnati kuma ta karɓe wani kaso na abin da ta biya. Giɓin da ya rage, ɗalibi ne zai cike shi daga aljihunsa, kuma nan take. Ya janye don ya rage kashe kuɗi, sai ga shi da bashin jami'a a wuya. A wasu wurare irin wannan bashi yana jinkirta fitar takardu, alhali makarantar haƙora tana jiran takardar sakamako.

Akwai kuma maganar fara biya. Rancen gwamnati yana ba ɗalibi sararin wata shida daga ranar da ya bar karatu kafin a fara neman biya, ko da yake kuɗin ruwa yana ta hawa. Wanda ya tsaya a Disamba, sararinsa zai ƙare a Yuni, kafin ya shiga aji a Agusta. Ke nan takardar biya tana iya iso masa a tsakani, kuma wannan sarari da ya cinye ba ya dawowa a kan waɗannan basussuka. Wanda ya kai Mayu kuwa, tazararsa wata uku ce kawai, sararinsa yana nan sai ya gama makarantar haƙora.

Wani abu ya shigo cikin lissafin daga baya. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2025 ta sa iyaka ga rancen gwamnati ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yuli 2026. Ɗalibin likitanci ko haƙora ba zai karɓi fiye da dala 50,000 a shekara ba, jimla kuma dala 200,000, kuma abin da ya ranta don digiri na biyu ana cire shi daga wannan jimla. Wannan ya ƙara wa hujjar masu son janyewa nauyi, domin kowace dala da aka ranta don masta ragi ce daga guzurin haƙora. Duk da haka, lissafin ba ya aiki sai makarantar haƙora ta yarda.

Ta ɗaya gefen kuma, wanda zango ɗaya ya rage masa ya gama, ya dubi abin da ya riga ya zuba. Rabin masta ba shaida ba ce da za a nuna wa mai ba da aiki. Darussanta, irin su ilimin sassan jiki da yadda jiki ke aiki, su ne za a sake haɗuwa da su a shekarar farko ta haƙora. Kuma idan wata ƙaddara ta hana shiga a Agusta, mai masta a hannu yana da abin komawa. Ni dai, wanda wata huɗu suka rage masa, zan ce ya daure ya gama, sai in kuɗin ya gagara. Wanda shekara guda da rabi ta rage masa, maganarsa daban ce.

Yadda ake janyewa

Daina zuwa aji ba janyewa ba ne. Sunan ɗalibi yana nan a rajista, kuɗi yana hawa, ƙarshen zango kuma malamai za su ba shi makin faɗuwa, wato harafin F, a kowane darasi. Wannan shi ne mafi munin abin da makarantar haƙora za ta gani a takardarsa. Janyewa ta hukuma ana yin ta ne da takarda a ofishin rajista, galibi da sa hannun shugaban sashe. Idan an yi ta cikin wa'adi, abin da zai bayyana a gaban darussan shi ne W, harafin farko na kalmar janyewa a Ingilishi. Ba ya rage matsakaicin maki, amma ba ya gogewa. Likitan da ya zo neman ƙwarewa daga baya, kamar gyaran jerin haƙora ko tiyatar baki, za a sake neman takardunsa na baya, ya kuma shirya amsa idan aka tambaye shi.

Kafin a sa hannu yana da kyau a tambayi ofis ko akwai hutun karatu maimakon janyewa. Mai hutu sunansa yana nan, yana iya dawowa cikin wa'adi ba tare da sabon nema ba. A kuma tambayi abin da ke tafiya tare da sunan ɗalibi: inshorar lafiya da ɗakin kwana na jami'a sukan ƙare da ƙarewar rajista.

Wanda ke aikin bincike

Ɗalibin da ke karatun bincike yana ƙarƙashin wani malami, sau da yawa kuma jami'a ce ke yafe masa kuɗin karatu tana ba shi ɗan albashi saboda yana taya koyarwa ko aikin ɗakin gwaji. Idan ya ajiye aikin a tsakiyar zango, a jami'o'i da dama yafewar tana faɗuwa, kuɗin zangon ya dawo kansa. Ya karanta takardar da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi.

Ban da kuɗi akwai mutunci. Malamin nan ya ba shi gurbin da wani ya nema bai samu ba, wataƙila ma shi ne ya rubuta masa wasiƙar shaida zuwa makarantar haƙora. Bai dace ya ji labari daga bakin wani ba. Ɗalibi ya same shi da kansa, da wuri, ya gaya masa, ya tambayi abin da zai iya kammalawa kafin ya tafi, ya miƙa littattafan gwaji da sakamakon da ya tara a tsare. Mai neman digirin dakta da ya riga ya yi nisa yana iya tambaya ko za a ba shi masta a kan abin da ya yi. Jami'o'i da yawa suna da wannan ƙofa.

Ɗalibin da ya zo daga waje

Ga baƙo mai bizar karatu, wadda ake kira F-1, abin ya wuce maganar maki da kuɗi, domin izinin zamansa a ƙasar yana rataye ne da kasancewarsa ɗalibi cikakke. Rancen gwamnatin tarayya da aka ambata a sama ba nasa ba ne, na ƴan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Abin da ya shafe shi shi ne ƙa'idar shige da fice. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, wanda ya janye da izinin ofishin baƙin ɗalibai na jami'arsa kwana 15 ake ba shi ya bar ƙasar, wanda ya janye ba izini kuma ya fita daga doka tun ranar. Mai son komawa wata makaranta ba tare da ya fita ba, sai ya fara sabon karatun cikin wata biyar. Daga Disamba zuwa Agusta ya zarce haka. Daga Mayu zuwa Agusta bai zarce ba. A watan Agusta na 2025 gwamnatin Amurka ta gabatar da shawarar ƙara tsaurara waɗannan ƙa'idoji, saboda haka ofishin baƙin ɗalibai ne zai faɗi wadda ke aiki a ranar da ake tambaya.

Ga ɗan Nijar fita tana da haɗari na musamman. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da aka dakatar da shigar ƴan ƙasarsu daga 1 ga Janairu 2026. Ɗalibin da ya janye ya dawo gida da niyyar komawa a Agusta yana iya tarar da ƙofa a rufe, gurbinsa yana can, shi yana nan. Uwayen da suke marmarin ganin ɗansu a waɗannan watanni takwas su san da wannan kafin su ce masa ya taho. Irin wannan ɗalibi, ko makarantar haƙora ta ce ba ruwanta da masta ɗinsa, ya fi masa aminci ya zauna cikin rajista har Mayu, sa'an nan ofisoshin baƙin ɗalibai na makarantun biyu su miƙa wa juna takardunsa.

Takardar ƙarshe

Ko an gama ko an janye, aiki ɗaya ya rage. Ɗalibi ya nemi ofishin rajista ya aika da takardar sakamako ta ƙarshe kai tsaye zuwa makarantar haƙora. Wadda ta bi ta hannun ɗalibi galibi ba a karɓar ta a matsayin ta hukuma. Wanda ya gama a Mayu ya jira sai an rubuta a kanta cewa an ba shi digirin, domin jami'a takan ɗauki makonni bayan jarrabawa kafin ta shigar da wannan layi. Wanda ya janye kuma ya haɗa da kwafin amsar da ofishin ɗaukar ɗalibai ya ba shi tun farko. Bayan mako ɗaya ko biyu ya sake rubuta musu, ya tambaya ko ta iso, ko kuma akwai wani sharaɗi da har yanzu bai cika ba.